Dalilin Da Ya Sa Alamar ₦ Ke Rikiɗewa a Shafukan Intanet, Da Yadda Ake Gyara Ta Da UTF-8

Tun bayan ƙarancin takardun Naira da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, biyan kuɗi ta wayar hannu da na'urar POS ya kutsa har garuruwan da a da ba a san komai ba sai tsabar kuɗi a hannu. Garin Dogon Daji da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da garuruwan Ƙaramar Hukumar Kebbe da ke maƙwabtaka, duk wannan sauyi bai bar su a baya ba. Inda kuɗi ya koma tafiya ta intanet kuwa, dole farashi da rasit su bi shi. Mai shagon kayan waya yana son shafin da zai jera farashinsa, makaranta mai zaman kanta tana son iyaye su ga kuɗin zango a wayoyinsu, ƙungiyar manoma kuma tana son rasit ɗin da za ta riƙa tura wa mambobinta.

A nan ne wata 'yar matsala ke ɓullowa, wadda ke ba masu gina shafuka ciwon kai. Mai aikin ya rubuta ₦25,000 a kwamfutarsa, ya ga komai daidai, ya ɗora. Da aka buɗe shafin a waya sai ga â‚¦25,000, ko ?25,000, ko wani ɗan akwati a gaban lambar. Mai saye da ya ga irin wannan a daidai inda ake so ya tura kuɗinsa yakan ja da baya, musamman a zamanin da 'yan damfara suka cika intanet. Wasu sun gaji sun koma rubuta N25,000, wasu =N=25,000, wasu ma #25,000. Duk waɗannan kauce wa matsalar ne. Asalinta yana cikin tsarin da manhaja ke bi wajen mayar da haruffa lambobi, kuma gyaranta na nan idan aka bi shi a tsanake.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani

Duk abin da aka rubuta a kwamfuta ko waya, a matsayin lambobi ake adana shi. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa bayit, kuma bayit ɗaya yana iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, wato gurabe 256. Don haka sai an sami jadawalin da zai ce lamba kaza tana nufin harafi kaza. Wannan jadawali shi ne tsarin lambanta haruffa. Idan na'urar da ta rubuta saƙo da wadda ta karanta shi suna kan jadawali ɗaya, lafiya lau. Idan suka saɓa, lambobin suna nan yadda suke, amma fassararsu ta canza.

Jadawalin da ya fara karɓuwa shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 ne da shi: haruffan Turanci manya da ƙanana, lambobi, alamomin rubutu, da alamar kuɗi guda ɗaya tak, wato ta Dala. A cikinsa harafin A shi ne lamba 65, alamar $ kuma 36. A lokacin ma babu Naira a duniya, domin sai ranar 1 ga Janairun 1973 ta maye gurbin Fam ɗin Najeriya, a kan Naira biyu kowane Fam.

Da kwamfuta ta yaɗu, sai ƙasashe suka shiga cike ragowar gurabe 128 da haruffan da suke buƙata. Yammacin Turai ya sami ISO-8859-1 a 1987, wanda aka fi sani da Latin-1, mai ɗauke da alamar Fam ɗin Ingila da ta Yen ɗin Japan. Kamfanin Microsoft ya yi nasa mai kama da shi, Windows-1252. Larabci ya sami nasa, Rashanci ya sami nasa, Girkanci ma haka. Latin-1 da Windows-1252 su ne tsofaffin manhajoji da yawa suka zo Najeriya da su, kuma babu ₦ a cikin ko wannensu. Haka nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

Turai ma ta sha wannan da Yuro

Najeriya ba ita kaɗai ta taɓa shiga wannan hali ba. Lokacin da kuɗin Yuro ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 1999, jadawalin Latin-1 a cike yake, babu gurbin da za a sa alamar €. Mafitar da aka samo ita ce fitar da sabon jadawali, ISO-8859-15, wanda ya cire tsofaffin alamomi takwas ya sa wasu a madadinsu. Alamar € ta zauna a lamba 164, inda a da alamar ¤ take. Shi kuwa Microsoft sai ya sa tasa € ɗin a lamba 128 ta Windows-1252. Sakamakon haka, farashin da aka rubuta da jadawali ɗaya idan aka buɗe shi da ɗayan sai alamar kuɗin ta ɓace ko ta zama wani abu dabam.

Darasin da masu gina manhaja suka ɗauka shi ne, muddin gurabe 256 ne kawai, duk alamar da za ta shigo sai wata ta fita. Ana buƙatar jadawali ɗaya da zai ɗauke kowa.

Unicode da UTF-8

Wannan jadawali shi ne Unicode, wanda bugunsa na farko ya fito a 1991. Yana da gurabe sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari, kuma haruffa da alamomin da aka riga aka ba lamba sun haura 140,000. Kowane harafi lambarsa ɗaya ce a ko'ina a duniya. Alamar Naira tana ciki tun farkon shekarun 1990, lambarta U+20A6, wadda a ƙirgen yau da kullum take daidai da 8358. Ta riga alamar Yuro shiga, domin ita sai a 1998 aka ƙara ta. Alamar Sidi ta Gana ta shiga a 2005, ta Rufi ta Indiya kuma a 2010. Kuɗin Sefa da ake kashewa a Birnin Ƙonni da Maraɗi ba shi da alama ta musamman, FCFA ake rubutawa, shi ya sa masu shafuka a Nijar ba su san wannan ɓangare na matsalar ba.

To amma lamba 8358 ta fi ƙarfin bayit ɗaya. Hanyar da ake bi a zuba manyan lambobin Unicode cikin bayit-bayit ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a watan Satumban 1992. Tsarin yana amfani da bayit ɗaya zuwa huɗu gwargwadon harafi. Haruffan ASCII bayit ɗaya suke ci, da lambobinsu na asali, don haka tsohon rubutun Turanci bai buƙatar a taɓa shi. Haruffan Hausa masu lanƙwasa bayit biyu suke ci, haka ma haruffan Larabci. Alamar ₦ tana cin uku, 'yan hotunan emoji kuma huɗu. Kamfanin Google ya bayyana a 2008 cewa UTF-8 ya zarce kowane tsari yawa a shafukan intanet, a yau kuwa kusan dukkan shafuka da shi suke aiki.

Kowace rikiɗa da abin da take nufi

Mai gyara da ya san karatun alamun nan ya gama rabin aiki, domin siffar ɓarnar ita ke nuna inda ta faru.

Idan aka ga â‚¦, bayanan suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. A UTF-8 ana adana ₦ da bayit uku, waɗanda masu manhaja ke rubutawa E2 82 A6. Idan burauza ta ɗauka shafin na Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: E2 ya zama â, 82 ya zama ‚, A6 ya zama ¦. Irin wannan ne ke mayar da ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—, har kalmar “kuɗi” ta fito “kuÉ—i”.

Idan aka ga alamar tambaya, lamarin ya fi muni. Ma'anarsa an yi ƙoƙarin zuba ₦ cikin jadawalin da ba shi da gurbinta, sai manhajar ta jefar da ita ta sa ? a madadinta. Idan wannan ya faru a lokacin adanawa, asalin harafin ya tafi ke nan, sai dai a sake shigar da shi ko a ɗauko daga tsohon kwafi.

Idan aka ga baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya a ciki, wato �, burauza tana karatu da UTF-8 ne amma ta ci karo da bayit ɗin da bai dace da tsarin ba. Yawanci ko dai tsohon rubutun Latin-1 ne ya shigo, ko an yanke harafi a tsakiya.

Idan kuwa ɗan akwati ne fanko, tsarin lambobin daidai yake. Samfurin haruffan da aka zaɓa wa shafin, wato font, shi ne ba shi da zanen alamar.

Gajeriyar hanya da iyakarta

Akwai dabarar da mutane da yawa ke fara kamawa: a rubuta &#8358; ko &#x20A6; a cikin HTML. Burauza za ta nuna ₦ ko da wane jadawali shafin yake amfani, domin rubutun da aka yi duk haruffan ASCII ne. Ga shafin da farashi kawai yake nunawa, wannan ya wadatar.

Sai dai dabarar a cikin HTML kaɗai take aiki. A ɗauka wata makaranta a Dogon Daji tana da shafin da akawu ke shigar da bayanin biyan kuɗi. Idan shafin yana kan Windows-1252 kuma akawu ya rubuta ₦ a cikin fom, burauza za ta tura &#8358; a matsayin rubutu mai haruffa bakwai, a haka kuma za a adana shi. Ranar da aka fitar da bayanin zuwa Excel, ko aka tura shi ta imel maras ado, ko aka buga shi a rasit, iyaye za su ga &#8358;25,000, lambobi biyu manne da juna a inda ake maganar kuɗi. Wannan ya fi â‚¦ haɗari, domin mai karatu na iya ɗaukar 8358 a matsayin wani ɓangare na kuɗin. Gyara mai ɗorewa shi ne a mayar da manhajar gaba ɗaya kan UTF-8.

Matakan sauyawa

Rubutu yana ratsa zango da dama kafin ya isa idon mai karatu: fayil ɗin manhaja, rumbun bayanai, layin da ke haɗa manhaja da rumbun, uwar garke, sannan burauza. Zango ɗaya ya saɓa, aikin ya lalace. Misalan da ke tafe na PHP da MySQL ne, domin su ne aka fi samu a masaukan shafuka masu sauƙin kuɗi, kuma a kansu WordPress yake.

Mataki na farko: a ɗauki cikakken kwafin rumbun bayanai da fayiloli, a ajiye a wani wuri dabam, sannan a yi gwajin sauyin a kan kwafi kafin a taɓa shafin da jama'a ke amfani da shi. A zaɓi lokacin da ba a hada-hada. Ranar kasuwa ko makon komawa makaranta ba lokacin wannan aiki ba ne.

Mataki na biyu: a binciki abin da ke cikin rumbun a zahiri. Abin da allo ke nunawa yana iya yaudara, don haka a duba bayit ɗin kansu:

SELECT bayani, HEX(bayani) FROM rasit LIMIT 20;

A nemi layin da aka san akwai ₦ a ciki. Idan aka ga 3F a gurbinta, alamar tambaya ce, harafin ya salwanta. Idan aka ga E282A6, ingantaccen UTF-8 ne. Idan kuwa aka ga C3A2E2809AC2A6, an lambanta rubutun sau biyu, wato an adana â‚¦ ɗin kanta a matsayin haruffa uku. A kuma duba jadawalin da aka yi wa teburin rajista da shi ta hanyar SHOW CREATE TABLE.

Mataki na uku: a sauya teburorin, kuma a nan ne aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, latin1 ne jadawalin da rumbun ke zuwa da shi idan ba a canza ba. Idan teburin latin1 ne kuma abin da ke ciki latin1 ne na gaskiya, wannan umarni ya isa:

ALTER TABLE rasit CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;

Amma sau da yawa teburin sunansa latin1, alhali manhajar ta shekara tana zuba masa bayit ɗin UTF-8, kuma shafin na nuna komai daidai saboda kuskuren shiga da na fita suna soke juna. Wannan shi ne yanayin da HEX ke nuna E282A6 a cikin ginshiƙin latin1. Idan aka yi wa irin wannan tebur umarnin da ke sama, MySQL zai ɗauki kowane bayit a matsayin harafi ya sake lambanta shi, duk ₦ da ke ciki ta zama â‚¦ ta dindindin. Hanyar da ta dace ita ce a fara mayar da ginshiƙin ɗanyen bayit, sannan a ba shi sabon suna:

ALTER TABLE rasit MODIFY bayani VARBINARY(255);
ALTER TABLE rasit MODIFY bayani VARCHAR(255) CHARACTER SET utf8mb4;

Ta haka bayit ɗin ba su motsa ba, rajistarsu kawai aka gyara. Rubutun da aka riga aka lambanta sau biyu kuma ana iya warware shi ta hanyar mayar da shi latin1, a ɗauke shi a matsayin ɗanyen bayit, sannan a karanta shi da utf8mb4, amma a yi hakan a kan layukan da suka lalace kaɗai.

A lura da sunan utf8mb4. Abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bai wuce bayit uku ba. Zai ɗauki ₦, zai ɗauki ƙ da ɗ, amma da zarar mai saye ya sa emoji a saƙonsa sai a sami kuskure ko rubutun ya yanke daga nan. Cikakken tsarin shi ne utf8mb4, wanda ya shigo a MySQL 5.5.3 a 2010, WordPress kuma ya koma kansa a bugu na 4.2 a 2015. A tsofaffin bugun MySQL akwai iyakar bayit 767 ga fihirisar ginshiƙi, shi ya sa ake rage irin waɗannan ginshiƙai zuwa haruffa 191, domin 191 sau 4 ya ba da 764.

Mataki na huɗu: a gyara layin da ke tsakanin manhaja da rumbun. Ko teburin ya koma utf8mb4, idan layin yana magana da latin1, alamar tambaya za ta ci gaba da fitowa. Nan take bayan buɗe layin a sa:

mysqli_set_charset($haɗi, "utf8mb4");

Mai amfani da PDO sai ya ƙara charset=utf8mb4 a cikin adireshin haɗin. A WordPress kuwa, a duba DB_CHARSET a cikin fayil ɗin wp-config.php.

Mataki na biyar: a adana fayilolin manhajar kansu da UTF-8. Manhajojin rubutu irin su Notepad++ da VS Code suna nuna tsarin fayil a ƙasan allo, suna kuma iya sauya shi. A zaɓi UTF-8 maras BOM. BOM wasu bayit uku ne, EF BB BF, da ake maƙalawa a farkon fayil. Ido ba ya ganinsu, amma PHP yana tura su ga burauza kafin lokaci, sai shafin shiga ko na biyan kuɗi ya fara kukan cewa an riga an aika kanun saƙo.

Mataki na shida: a sanar da burauza. A farkon kowane shafi, cikin bayit 1024 na farko, a sa:

<meta charset="utf-8">

Wannan kaɗai ba ya isa idan uwar garke tana faɗin wani abu dabam, domin burauza ta fi jin maganar uwar garke. Kanun da ake so ta aiko shi ne Content-Type: text/html; charset=utf-8. Tun daga bugu na 5.6 na 2014, PHP yana aika wannan da kansa sai in an canza masa. A uwar garken Apache ana iya ƙara AddDefaultCharset UTF-8 a fayil ɗin .htaccess.

Mataki na bakwai: a bi manhajar a duba duk inda ake ƙirga haruffa ko yanka rubutu. A PHP, strlen bayit yake ƙirgawa, don haka zai ce tsawon ₦ uku ne, substr kuma zai iya raba ta gida biyu ya bar �. A maye gurbinsu da mb_strlen da mb_substr.

Mataki na takwas: a tabbatar samfurin haruffan shafin yana da zanen ₦ da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana. Yawancin samfuran ado ba su da su, sai burauza ta aro daga wani samfurin, harafin ya fito ya bambanta da 'yan uwansa, ko ya fito akwati. Noto Sans na Google da DejaVu Sans duk suna da su, kuma kyauta ne.

Inda UTF-8 bai kai ba

Bayan shafi ya gyaru, akwai ƙofofin fita da ke da nasu dokokin.

Saƙon tes shi ne wanda ya fi taɓa aljihu. Jadawalin GSM da saƙon SMS ke amfani da shi yana ba da haruffa 160 a saƙo ɗaya. Yana da $, yana da £, yana da €, amma ba shi da ₦ ko haruffa masu lanƙwasa. Harafi ɗaya daga waje ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari mai suna UCS-2, inda iyakar ke sauka zuwa 70, ko 67 a kowane yanki idan saƙon ya rabu. Ke nan sanarwa mai haruffa 150 da za ta tafi a matsayin saƙo ɗaya, saboda ₦ guda sai ta zama uku. Makarantar da ke tura wa iyaye 1,000 za ta biya kuɗin saƙo 3,000. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa saƙonnin banki ke zuwa da NGN ko N. A SMS, rubuta NGN, lambar da ƙa'idar ISO 4217 ta ba Naira, shi ne daidai.

Ƙananan firintocin rasit masu aiki da zafi su ma da yawansu tsofaffin jadawalai masu gurabe 256 ne a cikinsu. A gwada tukuna. Idan firinta ba ta san alamar ba, a rubuta NGN, ko a tura rasit ɗin a matsayin hoto.

Excel kuma yakan buɗe fayil ɗin CSV da tsohon jadawalin Windows sai in ya ga BOM a farkonsa. A nan BOM ɗin da aka hana a fayilolin PHP shi ake so: manhaja ta sa shi a farkon duk CSV da za ta fitar. Imel ma sai an faɗa masa charset=utf-8 a kanunsa, takardar PDF kuma sai an cusa mata samfurin haruffa mai ɗauke da alamar.

Akwai wata ƙa'ida da ke rage duk wannan wahala: kada a adana alamar kuɗi tare da adadin. A ajiye adadin a matsayin lamba zalla, zai fi kyau a kwabo, wato ₦25,000 ta zama 2500000, kamar yadda kamfanin Paystack ke karɓar adadi a tsarinsa. Sai a zo nunawa sannan manhaja ta maƙala ₦ a shafi, NGN a SMS. Lambar da aka adana da N ko # a gabanta rubutu ce a wajen kwamfuta, Excel zai tsallake ta wajen tara jimla ba tare da ya yi gargaɗi ba, lissafin wata ya fito da giɓi.

Ribar da ta wuce Naira

Wanda ya yi wannan aiki saboda alamar kuɗi ya sami ƙarin riba. Shafinsa zai iya rubuta Hausa yadda take: a bambanta ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓata da bata, a kuma rubuta sunayen mutane irin su Ɗanladi da Ɗahiru daidai a rasit. Harafin ƴ da ake amfani da shi a Nijar ma yana ciki. Sai dai a sani cewa rumbun bayanai yana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu mabambanta, don haka mai neman “kosai” ba zai ga “ƙosai” ba. Tunda masu saye da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, yana da kyau a ajiye wani ginshiƙi na bincike da aka cire wa lanƙwasa.

Sannan ga ajami, wanda a ƙasar Sakkwato ba baƙo ba ne, kuma har yau yana jikin takardun ₦200 da ₦500 da ₦1,000. A zamanin jadawalai masu gurabe 256, Larabci jadawalinsa dabam, boko nasa dabam, haɗa su a rumbu ɗaya aiki ne ja. Da UTF-8, makarantar Islamiyya a Tambuwal ko Kebbe tana iya rubuta sunan littafi da Larabci, bayaninsa da boko, farashinsa da ₦, duk a layi ɗaya. A 2016 ma Unicode ya ƙara siffofin fa'un da ƙafun da nunun irin na rubutun Warsh da aka saba da shi a makarantun allo.

Mai gina sabon shafi ya sa utf8mb4 da UTF-8 a kowane zango tun ranar farko, tun ran gini tun ran zane. Mai tsohon shafi kuwa, bayan ya kammala matakan nan, ga gwaji mai sauƙi: ya shigar da layin “Ƙosai da ɗanwake ₦500 😊” ta fom ɗin shafin, ya adana, ya sake buɗewa a kwamfuta da ƙaramar wayar Android, ya gyara layin ya sake adanawa, ya neme shi ta akwatin bincike, sannan ya fitar da shi a imel da Excel da rasit. Layin yana ɗauke da haruffa masu bayit ɗaya, biyu, uku da huɗu. Duk zangon da ya fito a karkace, nan ne sauran aiki yake. A Microsoft Word, rubuta 20A6 sannan a danna Alt da X tare yana fitar da alamar ₦, ga wanda madannin kwamfutarsa ba shi da ita.